Rasuwar Bazazzagi, Akwatin Haruffan Dalma na Anka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, gidan Malam Ɗanmusa Mai Ɗab'i na garin Anka yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da tsofaffin masu kawo aiki, da ma waɗanda suka ɗauke ƙafa tun ranar da 'ya'yansu suka sayi waya, rasuwar abokin sana'arsa, Akwatin Haruffa, wanda aka fi sani da Bazazzagi. Ya rasu ranar Talatar makon jiya bayan la'asar, a ɗakinsa da ke jikin zaure. Babu wanda ya san shekarunsa, amma ya girmi duk wanda zai karanta wannan takarda.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, kuma yawansu abin kunya ne ga garin nan, shi akwati ne na katako mai kaiwa ƙirjin mutum, mai durowoyi jere daga sama har ƙasa. Kowace durowa an yanka ta ƙananan ɗakuna, kowane ɗaki da harafinsa, zubin dalma, daga mai girman ƙwayar shinkafa har mai girman babban yatsa. Mai aiki yakan tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a juye, ya ɗaure su tamau, ya shafa tawada, ya danna takarda a kai da injin hannu. In an gama a wanke su da kananzir a mayar da kowa ɗakinsa. Wannan shi ake kira ɗab'i. Abin da yaran yanzu ke yi da ɗan yatsa ɗaya, suna cin gyaɗa da ɗaya hannun, sai dai su nemo masa wani suna.

An haifi marigayin a Ingila, a wata maƙera da sunanta ya goge daga jikin katakon. Ya yi ƙuruciyarsa a wata maɗaba'a a Zariya, inda Ɗanmusa ya koyi aiki yana saurayi, daga nan ya samo laƙabinsa. Da masu maɗaba'ar suka sayi sabon inji sai suka yi masa abin da aka saba yi wa tsoho, suka tura shi bayan ƙofa suka ɗora masa buta. Ɗanmusa ya roƙa aka bar masa shi. Ya ɗora shi a bayan babbar mota, ya hau kansa ya zauna tun daga Zariya har Anka, a zamanin da mutum kan bi hanyar Gusau yana gyangyaɗi.

Marigayin mai fuska ɗaya ne. Salon harafinsa guda ne tak, babba da matsakaici da ƙarami, kuma da shi ya fuskanci kowa. Da wannan fuskar ya buga katin ɗaurin aure, da ita ya buga rasit ɗin masu sayar da taki, da ita ya buga takardar cigiyar raƙumi. Lokacin zaɓe yakan buga wa jam'iyya ɗaya da safe, ya buga wa abokiyar hamayyarta da yamma, da haruffan da aka warware daga ta safen, bai taɓa nuna wadda ya fi so ba. Bai taɓa zaman jiran wuta ba. Bai taɓa cewa a sa masa data ba. Bai taɓa ɗaukewa ana tsakiyar aiki ya bar mutum yana kallon baƙin gilashi yana salati ba.

Ba mai yawan magana ba ne. In aka jawo durowa yakan ce ƙiii, musamman ta uku daga ƙasa, wadda damina ke kumbura ta. In harafi ya zauna kusa da ɗan uwansa ya ce ƙyas. In ana mayar da su gida bayan aiki kuwa, caras, caras, caras, har maƙwabta sukan gane an gama buga wani abu ba tare da sun leƙo ba. Inna Hure, uwargidan Malam Ɗanmusa, ta ce da wannan ƙarar take sanin lokacin kwashe tuwo.

Babban aikin da za a riƙa tuna shi da shi shi ne mujallar Bakin Rumbu, ta ƙungiyar manoman Anka da Gummi da Bukkuyum, wadda ya ɗauka a kansa shekara da shekaru, shafi takwas, ana karanta ta a gindin bishiya har ta yage. A nan ne wata 'yar nakasa da aka haife shi da ita ta zama alheri ga jama'a. Da yake Turawa suka zuba shi don harshensu, sun cika masa ɗakin harafin e har yana zuba, suka yi rowar harafin a, alhali Bahaushe ba ya buɗe baki sai da a. Kafin a gama jera shafi biyu, a ta ƙare. Dole a tsaya a buga, a warware, a sake ɗiba. Saboda haka duk wanda ya kawo dogon rubutu, Ɗanmusa kan jawo masa durowar ya nuna masa ɗakin da ya kusa zama wayam, ya ce ya je ya rage. Shugaban ƙungiya ya taɓa kawo jawabi shafi bakwai, ya koma da rabin shafi yana huci, kuma mutane suka ce shi ne jawabinsa na farko da aka gane abin da yake nufi.

Marigayin ya ga wulaƙanci a ƙarshen rayuwarsa, kuma ba za a ɓoye ba. Mujahid, ɗan ƙanen Malam Ɗanmusa, ya dawo daga karatu a Gusau da kwamfuta a jaka, ya kama shago a bakin tasha, ya ɗaura janareta. Ƙungiyar manoma, wadda ba a taɓa yi mata shaidar kara ba, ta kwashe mujallarta ta kai masa. Yanzu Bakin Rumbu shafi talatin ce, don harafin a ba ya ƙarewa a kwamfuta, kuma shugaba yana samun shafinsa bakwai cif. Kowane kanun labari da nasa salon. Farashin taki an rubuta shi da wasu haruffa sirara da ba su ci sun ƙoshi ba, tsofaffin manoma sai sun kira jika ya karanta musu. Ta'aziyyar wani dattijo na Gummi kuwa an yi mata haruffa masu jela da lanƙwasa irin na katin kamu, har iyalansa suka aiko tambaya ko murna ake yi.

Mujahid yana da salon haruffa fiye da dubu a cikin kwamfutar nan, kuma bai ƙoshi ba, don a cewarsa kowane mako ana sako sababbi, kowanne da sunansa irin na 'ya'yan masu kuɗi. Har mujalla sukutum gare su a ƙasashen waje, wadda ba ta kawo labarin yaƙi ko na farashin hatsi, sai na surar haruffa kawai. Ya nuna wa baffansa ita a waya. Manyan mutane ne, da gemu, da alama ma da iyali, sun zauna sun cika shafi arba'in suna yabon ƙugun harafin g. Malam Ɗanmusa ya tambaya ko babu gonaki a ƙasar tasu.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne wani sabon salo da aka sako bara, wanda aka ƙera da gangan ya yi kama da tsohon ɗab'i, gefen haruffan a ciccije, tawada ta kama nan ta saki can. Mujahid ya kawo masa da murnarsa, yana tsammanin yabo, yana cewa ga irin nasa an yi. Wato zaizayewar da Bazazzagi ya kwashe shekara arba'in a Anka yana tarawa, harafi ya sha matsa sau dubbai kafin gefensa ya cinye, ita ce wani wanda bai taɓa kankare tawada daga farcensa ba ya zana da rana ɗaya, duniya kuma tana tafa masa. Malam Ɗanmusa ya miƙa masa wayarsa da yatsu biyu, ya ce ya gaida mutanen tasha.

To amma kada waɗannan su yi alfahari. Ba su suka kashe shi ba, ba su kai ba. Marigayin ya ci gaba da buga rasit da katin biki na masu mutunci, kuma da don su ne da yanzu yana nan. Ajalinsa ta cikin gida ya biyo.

Malam Ɗanmusa yana da 'yar fari, Zinatu. Sunan nan ba daga bakinsa aka ji ba, don shi mutumin zamanin da ne, alkunya ba ta bar shi ya taɓa furta shi ba, kuma bai taɓa duban idonta ya yi mata magana kai tsaye ba. Tana ƙarama yakan ce yarinyar nan, da aka yi mata aure a Tungar Guru ta koma Ta Tunga. Sau ɗaya ya faɗi sunan, shi ma da yatsu, ranar da ya jera katin ɗaurin aurenta. Inna Hure ta ce ta leƙo ta same shi ya gama jerawa tuntuni, yana zaune yana kallon layin, bai shafa tawada ba.

Zinatu tana Tungar Guru a shekarar da yara suka yi ta mutuwa a ƙauyukan haƙar zinariya, ana cewa zazzaɓi ne, ana cewa iska ce, kafin likitoci su gano ƙurar dutsen da ake daka a cikin gidaje ce ke ɗauke da gubar dalma. Ta binne 'ya'ya maza biyu a bazara ɗaya. Daga baya ita da mijinta Shitu suka koma wajen Zugu da noma, haihuwa ta tsaya mata shekaru masu yawa, har an daina yi mata addu'ar a gabanta don kada a tayar mata da ciwo. Sai ga Khairat, wadda yanzu ba ta cika shekara uku ba, mai surutu, mai sa komai a baki.

A daminar bana 'yan bindiga suka matsa wa yankin. Shitu ya ɗora matarsa da 'yarsa a babur ya aiko su Anka, shi ya tsaya wajen gona. Inna Hure ta share musu ɗaki, Malam Ɗanmusa ya sayo kaji bai ce don wa ba. Washegari da hantsi Khairat ta taka har ɗakin zaure, ta sami durowar ƙasa a buɗe, ta zauna dirshan tana ɗiba. Kakan yana kallo yana jin daɗi, har yana cewa a ransa ga wadda za ta gaje shi, tunda ɗan ƙanensa ya lalace. Bai ga lokacin da ta kai ɗaya baki ba. Uwar ce ta biyo sawu, ta sa yatsa ta zaro shi, ta juya shi a tafin hannunta. A gidan ta tashi, amma 'ya mace ba ta zaman zaure, ita dai ta san su da ƙarafunan Baba. Ta ji nauyinsa ya fi girmansa. Ta tambayi Inna Hure, wadda ta biyo ta, ko da me ake yin su.

Da Malam Ɗanmusa ya yi shiru da wataƙila yau ba a rubuta wannan sanarwa ba. Amma shekara nawa rabon da wani ya tambaye shi wani abu game da marigayin, sai ya gyara zama, ya dubi bango, ya amsa da alfahari.

"Dalma ta zalla, 'yar Ingila. Ba a samun irinta yanzu."

Zinatu ba ta yi kururuwa ba. Ta ɗauki yarinyar ta kai bakin randa, ta wanke mata baki, ta sake wankewa, ta sake, har yarinyar ta shiɗe da kuka. Sannan ta goya ta, ta ɗaure ƙullin kayan da ko gama kwancewa ba ta yi ba, ta durƙusa ta yi wa iyayenta sallama, ta fita. Ta je ta sami wasu matan ƙauye da suka gudo, suna zaune a wani shagon da ba a gama ginawa ba a bayan tasha, babu ƙofa, kwanon rufin rabi. Ta aiko da cewa muddin abin nan yana cikin gidan, ita da 'yarta ba za su kwana a ciki ba.

A nan marigayin ya kwanta ciwon ajali, ko da yake mai shi bai yarda ba. Malam Ɗanmusa ya ce wannan ai jahilci ne. Dalmar da ta kashe yara dalmar rami ce, ta ƙauye, wadda kwaɗayin zinariya ya tono. Tasa kuwa dalma ce mai ilimi, ta zauna a Zariya, ta buga littattafai. Shekara arba'in yana ɓare goro da yatsun nan, me ya same shi? Aka kai Khairat asibiti aka ɗebi jininta. Ma'aikaciyar lafiyar ta ce ba ta ga abin tsoro ba, amma dalma dalma ce, babu ta birni babu ta ƙauye, kuma ba a ajiye ta inda yaro ke wasa a ƙasa. Malam Ɗanmusa ya ɗauki rabin farko na maganar ya zaga gari da shi, rabi na biyu ya bar wa Inna Hure.

Ya yi tayin sa kwaɗo a ƙofar ɗakin. Zinatu ta aiko da cewa a Tunga ma ba cokali aka sa aka ba yaran ba, ƙura ce a ƙasan ɗaki da jikin rigar iyayensu. Ya ce a bar ta, sauro zai dawo da ita. Sauro bai dawo da ita ba. Makonni suka shige, gari ya ɗauka, ana cewa ga mai ɗaki biyar 'yarsa tana kwana a kango. Maganar ta dame shi, amma ba ta kai ta raba shi da Bazazzagi ba. Inna Hure ba ta yi masa faɗa ba ko sau ɗaya. Kullum dai takan kwashe tuwo da zafinsa ta kai bayan tasha, ta daɗe, in ta dawo ta ajiye masa abin da ya rage, ya huce har ya yi ɓawo.

Ranar Talatar nan aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da ya tsagaita, Malam Ɗanmusa ya naɗe wani tsohon tamfol ya saɓa, ya ce zai je tasha duba wani saƙo. Ya sami 'yarsa tana kwalfe ruwa daga shagon da kwano, zaninta jiƙe har gwiwa, Khairat tana zaune a kan buhu tana tari. Yarinyar na ganinsa ta diro ta taho da gudu, hannu a sama, tana kiran Kaka. Ya yar da tamfol ɗin, ya sunkuya, ya miƙa hannu biyu yana cewa ga amaryarsa. Zinatu ta durƙusa don gaishe shi kamar yadda ta saba, kuma a cikin durƙuson nan ta kamo rigar yarinyar ta mayar da ita bayanta. Idonta yana kan yatsunsa, inda baƙin aiki ya zauna a kowace tsaga.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji ta. "Ka wanke hannu tukun."

Malam Ɗanmusa ya miƙe, ya dubi bangon da ba a shafe ba.

"A hwaɗa mata, da hannun ga anka ciyar da ita."

"Na sani, Baba. Ni ma da hannuna nib ba waɗancan biyun abinci, ban san mi ag gare shi ba. Wagga ɗai tar rage mani."

Wata tsohuwa ta miƙo masa guntun sabulu. Ya tsaya a inda ruwa ke zuba daga bakin kwano, dattijo da furfurarsa, ya cuɗa hannu, ya ɗauraye, ya sake cuɗawa har sabulun ya kusa ƙarewa. Baƙin bai fita ba. Ya duba, ita ma ta duba. Ya zura hannun a aljihu ya juya, yarinyar tana leƙowa ta bayan uwarta tana kiransa har ya sha kwana. Ya ce tun da yake bai taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na tafiyar nan daga tasha zuwa gida ba.

Bayan la'asar ya mirgino wani tsohon duro na ƙarfe har ƙofar ɗakin. Duk wanda ya san ɗab'i ya san babu abin da mai jera haruffa ke tsoro kamar su cakuɗe, don durowa ɗaya in ta kife aikin mako ne kafin a tsince. Malam Ɗanmusa ya jawo ta sama ya juye a duron, ya jawo ta biyu ya juye a kanta, babba a kan ƙarami, e mai yawa a kan a 'yar kaɗan. Ta uku daga ƙasa ta ce ƙiii kamar kullum. Maganar marigayin ta ƙarshe wani dogon shaaa ne, irin na gero in ana juye shi a rumbu, daga nan bai ƙara cewa komai ba.

Inna Hure ce ta yi masa rakiyar ƙarshe. Da aka gama, ta tare ƙofa ta ce maigidan ya zazzage aljihunsa, don ta san wanda take aure. Ya yi gardama, ya ce goro ne. Haruffa shida suka faɗo ƙasa, ɗaya babba, biyar ƙanana, daidai sunan nan da ba ya furtawa. Ita ba ta karatun boko, kuma ba ta tambaya ba. Ta tsince su da gefen tsumma ta jefa a duron da kanta.

Marigayin ya rasu ya bar injin hannu guda, wanda aka tabbatar baƙin ƙarfe ne ba shi da laifi, yanzu yana zaune gwauro ba abin da zai danna. Ya bar gwangwanin tawada rabi, da galan ɗin kananzir, da tarin tsofaffin Bakin Rumbu masu shafi takwas da ɓeraye suka fi 'yan ƙungiya karantawa. Ya bar Malam Ɗanmusa, wanda har yanzu in ya zauna yatsunsa na dama kan yi ta tsintar abin da babu a kan gwiwarsa. Dubun salon nan na cikin kwamfuta da ke iƙirarin su jikokinsa ne, iyalai ba su san su ba, kuma ba su da gado.

Ana kuma sanar da Makau mai sayen gwangwan cewa an ga zuwansa tun gawa ba ta huce ba, da sikelinsa a bayan babur, kuma an ji ta'aziyyarsa da idonsa ke kan duro. An san inda dalma ke zuwa a ƙasar nan in ta bar hannunsa. Ana narka ta a kasko a tsakar gida, yara na kewaye suna kallo, a zuba ta harsashin bindigar toka. Haruffan da suka gayyaci rabin garin nan ɗaurin aure ba za su ƙare a ƙirjin ɗan wani ba, kuma ba a fitar da su daga wannan gida don su shiga wani gidan mai yara ba. Kada ya sake dawowa, ko da sabon farashi.

Masu karatu su yi haƙuri da haruffan da suke gani a wannan takarda. Marigayin ba ya iya buga sanarwar kansa, dole aka kai wa Mujahid. Ya so ya yi amfani da salon nan mai kwaikwayon tsufa, wai don girmamawa, aka ce masa in ya kuskura za a je a gaya wa ubansa. Ya kawo wasu guda goma sha biyu a zaɓa. Malam Ɗanmusa ya rufe ido ya dangwala yatsa, tunda duk ɗaya ne. A yi masa adalci dai, yaron bai karɓi ko kwabo ba, kuma da ya zo wajen labarin bayan tasha ya daɗe bai danna komai ba.

Ga yadda jana'iza za ta kasance. An tambayi malamai, sun ce ba a yi wa ƙarfe salla, kuma iyalai sun karɓa. Gobe Alhamis da safe za a cika duron da siminti a liƙe bakinsa, don a cika rabin maganar ma'aikaciyar lafiyar na biyu, a ɗora shi a amalanke tare da katakon, a kai shi wani tudu nesa da rijiya, nesa da gulbi. Ba a buƙatar 'yan rakiya, kuma ba za a faɗi wurin ba, don a ƙasar nan duk wanda ya ga sabuwar ƙasa a tone gida yake komawa ya ɗauko shebur. Masu son aiko da furanni irin na Turawa, ko hoton kuka ta waya, su riƙe abinsu.

Ba za a yi zaman makoki ba, domin ɗakin da za a zauna ɗin magina na ciki. An kankare ƙasarsa an kwashe, an wanke bango, ana dama siminti, Inna Hure kuma ta ƙone rigunan aiki ba ta nemi izini ba. Zinatu ta aiko da cewa in daɓen ya bushe za ta zo ta duba da idonta. Ba ta yi alkawarin komai ba, kuma ba a matsa mata ba.

Wanda ya ga dole sai ya yi ta'aziyya zai sami Malam Ɗanmusa a dakalin ƙofar gida bayan sallar Juma'a. Yana roƙon a yi gaisuwa da baki, kada a miƙo masa hannu. Yana jiƙa hannuwan a ruwan ɗumi da lemun tsami safe da yamma, yana bin tsagogin da tsinke, baƙin ya fara ja da baya. In baƙin ya fita, akwai wadda yake so ya fara ɗauka.